Awa Nawa Zan Kama a Situdiyo? Yadda Ake Tsara Zaman Ɗaukar Waƙa Mataki-Mataki

Tun da na buɗe ɗan ɗakin ɗaukar sauti a nan Garwa, tambayar da ta fi yawan biyo ni ita ce: "Injiniya, awa nawa zan kama?" Masu bege suna yi mini ita, masu waƙar biki suna yi, haka yaran nan masu hip-hop da ke cakuɗa Hausa da Fulatanci da Faransanci a baiti ɗaya. Wasu daga Gidar suke kirana, wasu daga Marwa ko Ngaundere, kuma kusan kowa tunaninsa ɗaya ne: in aka bar masa ɗaki tun daga Isha'i har Asuba, to ya ci riba. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta amsar dalla-dalla.

Don ɗora murya a kan waƙa ɗaya, ka kama awa uku, in ta yi yawa huɗu. A cikin awannin nan kuma, lokacin da maƙogwaronka zai yi aiki na gaske kada ya wuce awa biyu. Ba ni na ƙago awa ukun ba. A Amurka, ƙungiyar makaɗan ƙasar awa uku take lissafa zama ɗaya, kuma a birnin Nashville, inda ɗaukar waƙa ya zama sana'ar gari, an saba shiga ƙarfe 10 na safe, da 2 na rana, da 6 na yamma, ana hutawa a tsakani. Mutanen da ke da ɗaki mai sanyi da wutar da ba ta ɗaukewa ke nan. Balle mu da muke rufe taga mu kashe fanka a watan Afrilu.

1. Raba aikin kashi uku, kowanne da ranarsa

Waƙa ɗaya aiki uku ce: buga kiɗa, ɗora murya, sai haɗawa da tacewa. Babu abin da ya fi cinye kuɗin mawaƙanmu kamar cusa ukun nan a zama ɗaya.

Ranar kiɗa za ka zauna da mai fiyano, ka rera masa karin, ya nemo saurin da ya dace da tsayin sautin da muryarka za ta iya ɗauka. Wannan kaɗai kan ci awa biyu zuwa huɗu, kuma kafin a gama ka maimaita amshin ya fi sau ashirin. In ka ce a nan take za ka shiga ɗora murya, ragowar murya za ka kawo mana. Ka karɓi kiɗan a wayarka ka tafi gida, ka zauna da shi kwana uku zuwa mako guda.

Gargaɗi: kada ka bar wurin mai kiɗa sai ka rera wurin da waƙar ta fi hawa sama, da cikakkiyar murya, kana tsaye. In ka ji wuya na matsewa, ka ce a sauke kiɗan. A ranar nan aikin minti ɗaya ne a manhajar haɗa kiɗa irin FL Studio ko Cubase. In kuwa sai an ɗora rabin muryoyi sannan aka gane ya yi maka sama, duk abin da aka ɗauka zubar da shi za a yi.

2. Gama aikin gida a gida

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka haddace baitocinka. Ka rubuta su da manyan baƙaƙe a takarda ɗaya, ka sa alama a duk inda za ka ja numfashi. Ka rera waƙar a kan kiɗan, ka ɗauka da wayarka, ka saurara, ka sake, har sai ka yi ta sau uku daga farko zuwa ƙarshe ba tuntuɓe.

In waƙar biki ce ko ta yabo, ka tabbatar da sunaye tun a gida: sunan ango da amarya, iyaye, ƙawaye, wanda ake ce wa Alhaji, wanda ke da sarauta a fada da yadda ake kiranta. Ka karanta wa mai bikin jerin sunayen ya amince. Na sha ganin an gama waƙa tsaf, washegari a dawo a ce an manta gwaggon amarya, a ɓata awa guda ana neman inda za a cusa ta. Mai bege kuma, kalmomin Larabci da ke cikin baitocinka ka kai wa malami ya saurara kafin ranar.

Akwai wani yaro da ya taso daga Gidar, ya biya awa huɗu, ya zo da abokai biyar da littafi mai baiti biyu. Muka ɗauki biyun. Sai ya zauna a ƙasa ya jingina da bango, bakin biro a haƙora, yana kallon silin. Minti arba'in a haka. Na leƙa, ya ce, "Yaya, ka ɗan yi haƙuri, baitin na zuwa." Na ce, "Ƙanena, kuɗinka ne ke tafiya. Tashi ka je gida ka rubuta, awa biyun da suka rage na ajiye maka." Ransa bai so ba. Bayan mako guda ya dawo shi kaɗai da baiti biyar a ka, muka gama cikin awa biyu da rabi.

3. Yi lissafin awanninka

Ga yadda nake lissafawa wa wanda ya shirya. Kowane minti ɗaya na waƙa yana cin minti 15 zuwa 20 wajen ɗora babbar murya. Waƙar minti huɗu ke nan awa ɗaya da 'yan mintuna. Ka ƙara minti 25 na shiri da gwada makirufo, minti 50 na amshi da muryoyin ƙawa (waɗanda ake ɗorawa don ƙawata babbar murya), minti 30 na hutu, minti 20 na saurare da kwashe aiki. Ya kama awa uku da kwata. Wanda bai taɓa tsayawa gaban makirufo ba ya ƙara awa guda, domin rabin awar farko a sabawa da jin muryarsa a kunne take tafiya.

Waƙoƙinmu na biki da na bege kuwa sukan kai minti takwas ko goma. Irin wannan babbar muryar kaɗai ta haura awa biyu, don haka ka raba: yau kai, gobe 'yan amshi. Mai shirin kundi na waƙa takwas kada ya ce zai gama a kwana biyu. Waƙa ɗaya a zama ɗaya; gwani wanda ya saba zai iya biyu.

4. Zaɓi lokacin da gari zai bar ka ka yi aiki

A nan ne namu ya bambanta da na wasu wurare, don haka zan ɗan tsaya.

Zafi. Daga Maris zuwa Mayu, zafin Garwa da Marwa da Njamena kan haura digiri 40. Makirufon situdiyo yana jin komai, har kaɗawar fanka da ƙugin na'urar sanyaya ɗaki, don haka kashe su ake yi in za a ɗauka. Ɗan ɗakin da aka liƙe da soso, ba taga, minti ashirin ya isa riga ta jiƙe sharkaf, numfashi ya gajarce. A wannan lokaci zama biyu ne kawai nake ba da shawara: 7:30 zuwa 11 na safe, ko bayan Isha'i zuwa 11:30 na dare. Na safen ya fi, amma da sharaɗi. Murya tana son kamar awa biyu bayan tashi daga barci kafin ta saki. In ka tashi Asuba kada ka koma, ka yi hira, ka sha abu mai ɗumi, ƙarfe bakwai da rabi za ta same ka a shirye.

Wuta. Mafi yawan wutar arewacin Kamaru daga madatsar Lagdo take zuwa, kuma idan ruwan Binuwai ya ja baya a ƙarshen rani, rabon wuta ake shiga unguwa-unguwa. Kafin ka biya, ka tambayi mai situdiyo: in wuta ta ɗauke, me ke riƙe kwamfuta? Batirin sola ya fi, domin ba ya ƙara. In janareta ne, ka ce a tayar maka ka shiga ɗakin ka saurara. Ƙuginsa in ya shiga murya, da wuya tacewa ta cire shi ba tare da ta ɓata muryar ba.

Salla. Lasifikar masallaci tana ratsa kowane bango. Zaman 2 zuwa 6 na yamma La'asar za ta raba shi biyu, kuma ni alheri na ɗauke shi: ka sa babban hutunka ya faɗo daidai kiran salla. Ranar Juma'a kada ka kama tsakar rana.

Damina da hunturu. Ruwa in ya sauka a kan kwano, aiki ya tsaya, sai an ɗauke. Ku yi magana tun farko a kan wa zai ɗauki asarar lokacin. A hunturu kuma ƙura da bushewar iska suna kama maƙogwaro; in a babur za ka zo, ka rufe hanci da baki da rawani ko takunkumi, ka iso da wuri ka huce.

Azumi. Kada ka ɗora murya da rana kana azumi, bushewa za ta bayyana a kowane layi. Kada kuma ka shigo daga buɗe baki kai tsaye ciki cike da kunu. Bayan Tarawihi, awa biyu da rabi, ya wadatar.

Gargaɗi game da 'yan amshi mata: kada ka kira su tun farkon zama su yi awa uku a benci suna jiranka. Ka ba su lokacinsu na kansu, ko ma a fara da su a kan muryar gwaji, su koma gida kafin Magariba. Yarinyar da hankalinta ke kan faɗan gida ba za ta ba ka amshi mai daɗi ba, kuma hakkinta ne a mutunta lokacinta.

5. Yi ciniki a fili kafin ranar

Hanya biyu ake caji: da awa, ko da waƙa. Mu ɗauka an ce maka sefa 5,000 a awa, ko sefa 30,000 waƙa ɗaya har tacewa. In ka shirya, awa uku da rabi sefa 17,500 ne, sai kuɗin tacewa daban. In ba ka shirya ba ka kai awa bakwai, ka haura 30,000 ba a ma fara haɗawa ba. Sabon shiga cinikin waƙa ya fi masa kwanciyar hankali, amma ya tambaya zama nawa ke ciki, da gyara sau nawa bayan an tace.

Abin da ya fi haddasa rigima shi ne mai. A Fabrairun 2024 litar fetur a gidan mai ta koma sefa 840 a Kamaru, kuma man zuwa-zuwa da ake sayarwa a kwalba ya daina arahar da aka san shi da ita tun da Najeriya ta cire tallafi a 2023. Ƙaramin janareta kan sha kusan lita ɗaya a awa, zaman awa huɗu ya tasam ma sefa 3,400 ke nan. Wa zai biya? A faɗa tun yanzu. Haka nan ka tambaya ko agogo na tsayawa in wuta ta ɗauke, da ko daga lokacin da ka kama ake lissafi ko daga isowarka. Kusan ko'ina daga lokacin da ka kama ne, don haka lattin minti arba'in daga aljihunka ya fita. Kuɗin kafin alƙalami in ta Orange Money ko MoMo ka tura, ka adana saƙon.

Ku kuma rubuta, ko da layi biyar ne, wa ya mallaki kiɗan, kuma ko mai kiɗa zai iya sayar wa wani. Dokar haƙƙin mallaka ta Kamaru ta 19 ga Disamba 2000 tana nan, akwai SONACAM mai kula da haƙƙin mawaƙa, a Chadi kuma BUTDRA, amma in ba ku rubuta komai ba, ranar da waƙar ta karɓu za a rasa abin nunawa.

Gargaɗi: tayin "kwanan situdiyo", a ba ka dare guda a farashin awa huɗu, shi ne araha ba ta ado. Awa ukun farko ne aiki. Abin da aka ɗauka daga ƙarfe ɗaya na dare zuwa Asuba, a iya abin da na gani, mafi yawansa sake shi ake yi.

6. Jajibiri da safiyar ranar

Ka yi barci isasshe. In ƙungiyar ƙwallo ta Coton Sport na wasa a filin Rumde Ajiya ana gobe za ka shiga situdiyo, ka kalla bakinka a rufe, ko ka haƙura. Ka fara shan ruwa sosai tun jajibiri, domin ruwan da ka kurɓa gaban makirufo ba ya taɓa tantanin murya, ciki yake wucewa, sai bayan awanni jiki ke kai danshin can. Ruwan randa ko mai ɗumi, ba mai ƙanƙara ba. Ka ci abu marar nauyi awa biyu kafin lokaci. Tuwo da yawa na danne numfashi, yaji da maiƙo kuma na tayar da ƙwarnafi. Goro da shayi mai kauri a rage.

Gargaɗi, kuma wannan da gaske nake: kada ka sha taramol don ka daɗe a tsaye. Na ga yara sun shigo da shi a aljihu suna cewa yana ba su ƙarfi. Abin da yake yi shi ne ya toshe maka jin zafin da ke gaya maka maƙogwaro ya gaji, ka yi ta turawa har ka ji wa kanka ciwo, ga kama jiki, ga farfaɗiyar da yake jawowa in an yawaita. A ɗakina in na gane, zaman ya ƙare. Haka ƙwaya ko allurar "buɗe murya" da ba likita ya rubuta ba.

7. Cikin ɗakin: yadda awannin za su tafi

Minti 25 na farko na shiri ne. Ka ɗumama murya minti goma zuwa sha biyar, bakinka a rufe kana gunji a hankali daga ƙasa zuwa sama, sannan ka rera amshin da rabin ƙarfi. Injiniya zai daidaita tsayin makirufo da bakinka, ya bar tazarar kamar tafin hannu a buɗe, santimita 15 zuwa 20, da ɗan rariyar da ke tare iskar "b" da "f" a tsakani. Ka cire agogo mai ƙara, awarwaro, da carbi. Shadda sabuwa mai sitati ma ƙara take yi, ka zo da riga mai laushi. Waya a kashe.

Kada ka ji kunyar cewa a ƙara ko a rage abin da kake ji a kunne. In kiɗa ya danne muryarka, ihu za ka yi ta yi ba ka sani ba, ka gaji cikin rabin awa. In kana kauce wa kari, ka zame ɓangare ɗaya daga kunne ka ji muryarka ta ainihi.

Daga nan a yi ɗauka ɗaya ta gwaji daga farko zuwa ƙarshe. Injiniya ya ɗauke ta, kada ya bari ta wuce a iska, domin sau da yawa a cikinta ake samun layin da ya fi kowane rai. Sai a yi cikakkiyar ɗauka biyu ko uku. Ku zauna ku saurara da takarda a hannu, ku sa alama a layukan da suka yi, sannan a koma gyaran waɗanda ba su yi ba, layi-layi. Wurin da ya fi hawa sama a yi shi tsakanin minti 30 da awa guda da fara waƙa, lokacin murya ta buɗe kuma ba ta gaji ba. Masu barin sa ƙarshe da murya dusasshiya suke haɗuwa da shi.

Duk bayan minti 45 zuwa 50 a tsaya minti goma zuwa sha biyar. Ka fito daga ɗakin, a kunna fanka, ka sha ruwa, ka yi shiru. Hutun da aka cinye ana hira ko ana amsa waya ba hutu ba ne ga maƙogwaro.

In layi ɗaya ya ƙi sau biyar ko shida, a bar shi a wuce gaba, a dawo masa bayan hutu. Nacewa a kansa sau ashirin tsoro yake shuka wa mawaƙi, kuma tsoron ana jin sa a murya.

Bayan babbar murya sai amshi, sai muryoyin ƙawa. In 'yan amshi uku ne kuma sun saba da juna, a ɗauke su tare a makirufo ɗaya, a maimaita sau biyu ko uku don ya yi kauri. Ya fi sauri kuma ya fi kama da yadda amshi yake a dandali.

Gargaɗi kan rakiya: mutum ɗaya mai kunne, wanda zai iya ce maka "wannan bai yi ba", ya isa. Biyar taron tsintsiya ne ba shara: wannan na ɗaukar bidiyo, wancan na ba da shawara, ga zafin jikinsu a ɗan ɗaki.

Gargaɗi kan Auto-Tune: "a bari na'ura za ta gyara" magana ce da ke fitowa idan an gaji. Na'urar tana daidaita hawa da saukar sauti ne kawai. Ba ta san bambancin garin da ake zama da garin da ake tuwo ba, ba ta mayar da "ƙ" ko "ts" da gajiyayyen harshe ya haɗiye, kuma ba ta sa wa murya rai. Bahaushe kalma yake saurare kafin kiɗa. In lafazi ya karye, a sake layin.

8. Kunne ma yana gajiya

Cibiyar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta ƙayyade cewa ƙarar da ta kai desibel 85 (ma'aunin ƙarfin ƙara ke nan), awa takwas ne iyakarta a yini, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa huɗu, 91 awa biyu, 94 awa ɗaya, 100 kuwa minti 15 kacal. Lasifikar situdiyo da aka ƙure don abokai su ji daɗi tana kaiwa can. Ma'auni mai sauƙi: in sai kun ɗaga murya kuke jin juna kuna kusa, a rage.

Tun kafin a kai ga lahani, gajiyar kunne tana ɓata aiki. Bayan awanni ana duka, kunne ya daina jin siririn sauti sosai, sai injiniya ya yi ta ƙara shi, kowa ya ce ya yi daɗi. Da safe a kunna a ji yana soke kunne kamar allura. Gyaran gangar Auzinawa ke nan, kuma dalilin da ya sa ba na tace waƙa a ranar da na ɗauke ta. In ka fito kana jin "ziii" a kunne, ka wuce iyaka. Washegari ka huta da abin sa wa a kunne.

9. Alamomin da ke cewa a tsaya, ko da sauran lokaci

Murya ta fara kaushi. Saman da ka hau cikin sauƙi ɗazu yanzu sai da ƙoƙari. Kana yawan gyaran murya. Kana mance baitin da ka haddace. Ko kuma ɗauka uku a jere kowacce ta fi ta baya muni. Biyu daga cikin waɗannan sun isa.

Wani dattijo mai bege ya taɓa zuwa mini, muryarsa irin mai ratsa jikin nan. Muka yi awa uku da rabi, na ce a tsaya. Ya ce, "Yaro, ni da nake kwana a zikiri, awa uku ce za ta kayar da ni?" Ban yi musu ba. Na ce, "Baba, don Allah saurari abu biyu." Na kunna masa baitin da ya yi da ƙarfe takwas, sannan wanda ya yi yanzu. Ya runtse ido, yana murza hularsa a gwiwa. Da aka gama ya yi shiru, can ya ce, "Na farkon ni ne. Na biyun ban san shi ba." Ya sa takalminsa, muka haɗu jibi. A majalisi jama'a na amsawa, mandiri na rufe gajiya. Makirufo kuwa ba ya rufe komai.

Bayan zama mai nauyi ka rage magana, kuma kada ka koma raɗa, ita ma wahalar da maƙogwaro take. Dusashewar da ta wuce mako biyu zuwa uku a kai ta wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro.

10. In akwai makaɗan gargajiya

Kalangu, garaya, algaita ko mandiri ranarsu daban, awa huɗu zuwa biyar, domin jera makirufo da gwaji kaɗai kan ci awa guda. Algaita tana da ƙarfi, tana shiga makirufon kowa, don haka a ɗauke ta ita kaɗai. Fata kan saki a damina, ta ɗaure a hunturu, a bar wa makaɗi lokacin gyara kayansa. Kada kuma a tilasta wa dattijon makaɗi bin ƙwanƙwasar kwamfuta mai riƙe saurin kiɗa in bai saba ba. A ɗauke shi yadda hannunsa ke tafiya, a gina sauran a kansa.

11. Minti ashirin na ƙarshe, da ranar tacewa

Kada ka rera har agogo ya cika. Ka bar minti ashirin a saurari waƙar sau ɗaya gaba ɗaya, a tabbatar babu layin da ya ɓace, sannan a kwashe aikin. Ka zo da filashi mai gigabait 8. Ka ce a fitar maka da kowace murya da kowane kiɗa daban-daban a tsarin WAV, 24-bit, duk su fara daga farkon waƙar, a kuma rubuta saurin kiɗan a sunan jakar. Kowace murya da aka fitar daban a 48 kHz tana cin kusan megabait 8.6 a minti, waƙar minti huɗu mai muryoyi da kiɗe-kiɗe talatin ta kai gigabait ɗaya ke nan. Kwafi biyu: ɗaya wurinka, ɗaya a situdiyo. Wata rana wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙone mini kwamfuta da aikin mutum uku a ciki. Wanda ya karɓi kwafinsa ne kaɗai bai sake rerawa ba, kuma har yau ina jin nauyin sauran biyun.

Gargaɗi: abin da za a tura maka ka saurara a gida ba gamamme ba ne. Kada ka tura wa kowa a WhatsApp, domin in ya fita ya fita, shi za a yi ta yaɗawa. In injiniya zai aiko maka da shi ta nan, ya aiko a matsayin takarda don kada a matse sautin.

Tacewa kan ɗauki injiniya awa biyu zuwa huɗu, kuma ya fi yin ta shi kaɗai. Kai ka zo awar ƙarshe. In ka karɓa, ka saurara a waya, a ƙaramar lasifikar bulutut irin ta teburin mai shayi, da cikin mota in ka samu, domin a nan mutanenka za su ji ta. Ka kwana a kai. Washegari ka rubuta duk gyaran da kake so a takarda ɗaya, kowanne da mintinsa da daƙiƙarsa, misali "2:14, amshi ya danne sunan ango", ka kai su gaba ɗaya a zama guda na rabin awa.